Yadda Za Ka Ƙaura Zuwa Mars Kana Zaune Kan Tabarmarka

Ci abinci ka ƙoshi kafin ka buɗe littafin. Labaran da ɗan Adam ke barin wannan duniya ya je kafa gari a wata duniyar, rabinsu labarin yunwa ne, kuma mai karatu da cikin wofi da wuya ya kai babi na uku. Ɗauki The Martian na Andy Weir, wanda aka mayar fim a 2015. Abokan tafiyar Mark Watney sun zaci ya mutu, suka tashi suka bar shi shi kaɗai a duniyar Mars. Dankalin turawa ne ya riƙe masa rai. Ya kwaso ƙasar Mars ya shimfiɗa a ɗakin kwanansu, ya yi mata taki da bayan-gidansa da na abokan tafiyarsa, ya tatso ruwa daga man roka, ya yi shuka. To ka ga dalili na biyu da ya sa gara ka gama da tuwonka tun kafin ka iso wannan shafi.

Sai ka ajiye kofin ruwa kusa da kai, musamman in Dune ne a hannunka. Frank Herbert ya fitar da shi a 1965, kuma har yau ban ga littafin da ya san darajar ruwa kamarsa ba. A duniyar Arrakis ba a ruwan sama. Mutanenta, Fremen, suna sanye da wata riga mai tattara gumi da fitsari ta tace su ta mayar wa mai ita ya sha. In mutum ya rasu, ruwan jikinsa na dangi ne. Akwai inda shugabansu Stilgar ya tofa yawu a gaban sarki Leto, fadawa suka zabura, sai aka fahimtar da su cewa girmamawa ce: ya ba da kyautar ruwan jikinsa. Kada ka gwada wannan a gidan surukanka. Wanda ya taɓa bin layin rijiyar burtsatse a watan Afrilu, ko ya ratsa hanyar Agadas, zai fahimci mutanen nan kafin marubucin ya gama bayani. Za ka kuma ci karo da kalmomi irin su Mahdi da Lisan al-Gaib, ka wuce abinka, yayin da mai karatu a Landan ke can ƙarshen littafi yana neman ma'ana.

Kada ka ƙwallafa rai a kan kowa. Marubutan nan hannunsu ba ya rawa. A Red Mars na Kim Stanley Robinson, wanda ya fito a 1992, mutum ɗari aka zaɓo, masana na gani na faɗa, amma tun suna cikin kumbo suka soma rabuwa ƙungiya-ƙungiya. Ann Clayborne na son a bar Mars ja yadda aka same ta, Sax Russell na son a ɗumama ta a mayar da ita wurin shuka da shan iska. Zaɓi ɓangare, ka nemi aboki ya ɗauki ɗayan, domin daɗin littafin yana cikin gardamar. Akwai Green Mars da Blue Mars a gaba, ba za ku rasa abin musu ba har damina ta wuce.

In lissafi ya yi maka yawa, kada ka jefar da littafin, mayar da lambobin abin hirar majalisa. Yinin Mars awa 24 ne da minti 39, shekararta kwana 687. Saƙo daga can zuwa nan yakan ɗauki har minti 22 in duniyoyin biyu sun yi nisa da juna. Yanzu ƙiyasta gaisuwarmu a wannan layi. Ka ce ina kwana, ka jira kusan minti 44 kafin lafiya lau ta dawo, ga ina gajiya, ga yaya iyali, ga yaya muka ji da sanyi. Kafin a kai ga abin da ya sa aka kira, azahar ta yi. Sannan Mars wata biyu gare ta, Phobos da Deimos, sai ka tambayi majalisa wanne za a duba. Irin wannan tambaya ta riga ta taso da gaske. Da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi tashar sararin samaniya cikin azumin 2007, sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka fitar masa da jagora kan salla da alƙibla, domin tashar tana zagaye duniya kusan sau 16 a rana.

Aurora, shi ma na Robinson, bar shi sai ka ƙware. Labarin jikokin da aka haifa cikin kumbo ne, waɗanda ba a shawarce su ba kafin a ɗora su kan hanya, kuma yana hana barci.

Wani zai ce maka wannan karatun Turawa ne. Miƙa masa Binti na Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya, wadda ta tura yarinya 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya jami'a a wata duniyar, da tulun jan yumɓun shafawarta a cikin kaya. Littafin ya ci kyautar Hugo a 2016. In bai gamsu ba, tuna masa cewa tun 1969 Umaru Dembo ya ɗaga yaro Kilba zuwa sama da Hausa a Tauraruwa Mai Wutsiya. Marubutanmu na Kano da Zariya da Damagaram, hanyar nan a buɗe take tun wancan lokaci. Ku rubuta mana wanda ya fara shuka gero a Mars, za mu saya.