Zuwa ga Taubashiyata, daga Munsta ta Ƙasar Jamus

Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaida Goggo da Kawu, ki ce musu jikokinsu na nan suna ta girma. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama. Mutanen garin da bakinsu suke cewa a Munsta ko dai ana ruwa ko ana kaɗa ƙararrawar coci, in kuwa biyun suka haɗu, to ranar Lahadi ce.

Saƙonki ya iso, har da dariyar da ta kusa fasa min waya. Wai kin ga hotona a tsakiyar tsofaffin Turawa, kowa rungume da 'yar tsana, kin ruga kin kai wa Goggo rahoto cewa a fara nemo min rubutu. To gyara zama ki ji. Takarda na zaɓa da gangan, domin ita kaɗai ce ba za ki iya katse wa magana ba.

Tedi muke ɗinkawa, irin wanda ake jerawa a kan gadon amarya, sai dai namu ba inji ne ya tofo shi ba. Yadinsa gashin akuya ne, wata mai dogon gashi da ake kira angora, wadda Afirka ta Kudu ta fi kowa kiwonta. A Duisburg ake saƙa gashin a kan auduga, ba nisa da mu. In za ki yanka, da bakin almakashi za ki bi ta ƙasa, ki yanke saƙar ki bar gashin, in ba haka ba tedinki ya fito da sanƙo. Ke da kike yanka atamfa kina hira kina ɓare gyaɗa, tun ranar farko za su karɓe almakashin su miƙa miki shayi. Gaɓa biyar gare shi, wuya da hannuwa da ƙafafu, kowacce da faifan katako biyu da ƙusa mai baki biyu da ake lanƙwasawa, don ya iya zama ya juya kai. Idanun na gilashi ne daga Lauscha, wani ɗan gari a cikin dazukan Thuringia inda ake yi wa mutane ma idon gilashi tun 1835. A cusa masa sassaƙen itace siri-siri har ya yi tauri, wani kuma a sa masa ɗan gwangwani a ciki, in kin kwantar da shi ya yi gurnani.

Hanci shi ne jarrabawa. Da zare ake ɗinka shi, layi a jikin layi, kuma zare ɗaya ya isa ya mai da fuskar ta mai murna ko ta mai bin bashi. Na zauna takanas na yi wani da irin kallon da kike yi in an zo rabon naman Sallah. Ranar da na kai shi kasuwa, tun kafin azahar wata mata ta saye shi, ta ce bai taɓa ɗauke ido daga kanta ba tun da ta shigo.

Yadda aka yi na shiga cikinsu, a bas ne. Ina ɗinkin hula, sai wata tsohuwa ta maƙala tabarau ta ce in ba ta ta gani. Ba ta tsaya kallon zanen ba, ta juya ta duba bayan ɗinkin, nan na gane na haɗu da tela. Ashe ma layinmu ɗaya. Ta ce ranar Alhamis in zo gidanta da allurata. Iya nake ce mata, tana kuwa amsawa. Da na je na tarar da wata nas da ta yi ritaya, da wata 'yar Holan da ke hawo jirgin ƙasa daga Enschede, da wata da yaƙi ya koro daga Yukiren, da wani dattijo tsohon ma'aikacin reluwe wanda shi ke lanƙwasa wa kowa ƙusa. Nas ɗin yatsunta sun kama ciwon gaɓa, ba ta iya cusa sassaƙe, saboda haka mu muke cusa mata, ita kuma ta gyara mana fuska, don babu mai idonta. Guntun yadi ba ya zuwa shara, akwai kwandonsa a tsakiya, mai buƙata ya ɗiba. In mai saye ya zo wurinki da abin da wata ta fi ki iyawa, hannunsa za ki kama ki kai shi wurinta.

Kada kuma ki raina sana'ar, don mace ce ta ɗaga ta, mace kuma gurguwa. Margarete Steiff, an haife ta a 1847 a Giengen can kudancin Jamus. Shan inna ya kama ta tana jaririya, ta rayu a kan keken guragu, hannun damanta ba ƙarfi, sai ta juya keken ɗinkin baya ya koma gaba don ta riƙa murzawa da hagu. A 1880 ta ɗinka 'yar giwa ta soka allura, yara suka ƙwace suka mai da ita abin wasa. A 1902 ɗan ɗan'uwanta Richard ya zana beyar mai motsa hannu da ƙafa, shekarar da ta biyo baya wani ɗan kasuwa daga Amurka ya gan shi a kasuwar baje koli ta Leipzig ya ce a yi masa 3,000. Har yau kamfanin na nan, da ɗan maɓallinsa a kunnen kowane tedi. Iya tana da hoton matar a bango. Duk ranar da wata ta fara ƙorafin ciwon baya, ba ta cewa komai, hoton kawai take nunawa da allura.

Yanzu ga inda za ki riƙe baki. Sa'ad da na shiga, babu ɗaya a cikinsu da ba ya kiwon wani abu, kuma rabin hirar Alhamis ta dabbobi ce: wa ya ƙi cin abinci, wa aka cire wa haƙori, wa ya kori ɗan gidan waya. Kare a ƙasar nan haraji ake biya masa a hukumar gari duk shekara. In babba ne, sai an yanka masa tikiti kafin ya hau jirgin ƙasa. Tun 2002 ma aka sa kare hakkin dabbobi a cikin tsarin mulkinsu. Karen Iya makaranta ya yi, in an ce zauna ya zauna, in an ce bari ya bari. Ki karanta wa ɗanki na biyu wannan layin sau biyu.

Tun zuwan farko na faɗa musu gaskiya, cewa mu ba mu saba zama ɗaki ɗaya da kare ba, kuma da kayan jikina nake salla. Babu wadda ta ɓata rai. Iya ta ɗauki tabarmarsa ta kai baranda, daga ranar duk Alhamis yana ganina zai miƙe da kansa ya fita, ya kwanta a bayan gilashi yana lura da aikinmu. In lokacin salla ya yi, ɗakin baƙinta a share yake. Da suka ji cewa a cikin sahabbai akwai wanda ya samu laƙabinsa saboda son 'yar kyanwa, sai suka ce ai magana ta ƙare, suka raka ni gidan da ake ajiye dabbobin da ba su da mai su. A can aka zaunar da ni: ɗaki nawa gare mu, akwai raga a baranda, wa zai kula da ita in mun yi tafiya? Da irin wannan binciken aka yi wa mijinki kafin a ba shi ke, da har yanzu yana cike takarda. Kyanwar na nan, ta mallake kujerar maigida, shi ya koma ta gefe.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro, ki bar dariyar haka ki saurara. Kin san a tsakiyar hunturu na haifi Auta. Babu Inna, babu mai dafa ruwan wanka, babu kunun kanwa, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, maigida kuma hutunsa ya ƙare. Ban roƙi kowa ba. Sai ga Iya da takarda an ja mata layi da rula: ranar kaza wance za ta kawo abinci, wance za ta kai yara makaranta, wance za ta kwashe wanki. Kazar da suke min miya da ita wurin mahaucin Turkawa suke zuwa su sayo, domin sau ɗaya na taɓa ambata maganar yanka, suka riƙe. Ga aikin mutane da na karɓa na lokacin Kirsimeti yana jibge. Suka raba shi a tsakaninsu, suka yanka, suka ɗinka, suka cusa, amma ba wadda ta taɓa hanci. Suka kawo min har gado suka ce fuska ta mai ita ce. Kuɗin ya zo a ambulan, ko sisi ba a cire ba. Auta kuma suka yi masa nasa, mai idanun zare, don na gilashi ba a ba jariri.

Da mijin Iya ya rasu, sai na ga yadda suke yi a nan: a ɗau kwanaki kafin jana'iza, a sha kofi da kek, kowa ya kama gabansa, a bar mutum da bango huɗu. Washegari na ɗauki tukunyar shinkafa na buga mata ƙofa. Ta ce me nake buƙata? Na ce babu, zama na zo yi. Ta daɗe tana kallona kafin ta matsa min. Kafin mako ya zagayo sauran ma sun koya, kowa ya zo da ɗinkinsa ya zauna, ko ba a ce uffan ba. Daga baya ta fito da babbar rigar sanyinsa, muka warware ta muka yi wa jikokinsa tedi kowa ɗaya, da maɓallan rigar a ƙirji. Ita ta yi musu hanci, mun kuwa bar ta ta ɗauki lokacinta.

Karen ma ya daina ci, ya tare a bakin ƙofa. Dattijon reluwe ya ɗauki nauyin fita da shi safe da yamma, kuma kullum sai ya ce karen ya ƙi tafiya sai da ita. Da wannan dabarar aka fito da Iya daga ɗaki. Bara karen ya mutu, aka yi ta aiko mata da katin jaje, ni ma na kai nawa da hannuna. Na san abin da ke bakinki, wai ta'aziyyar kare! Matar na yi wa, wadda yanzu in ta murɗa makulli babu mai tasowa ya tarye ta.

Ba tsofaffi kaɗai abin ke yi wa amfani ba. Ɗaliban likitanci a nan sukan buɗe asibitin tedi, yara su kawo nasu a auna shi a naɗa masa bandeji, don su daina tsoron likita. Motocin ɗaukar marasa lafiya da yawa kuma da tedi suke yawo saboda yaron da tsautsayi ya rutsa da shi. Mukan ɗinka ƙanana masu wankuwa mu bayar kyauta.

A ƙarshen Afrilu ake babbar kasuwarmu a nan garin, Teddybär Total, masu ɗinki su zo har daga Japan, ana kuma gasa da kyautar da ake kira Golden George. Teburi ɗaya muke kamawa mu raba kuɗinsa. Akwai masu tara tsofaffin tedi da ba sa jin tsada: a 1994 an yi gwanjon wani na Steiff a Landan a kan fam 110,000. Kada ki buga shi da naira, Goggo ba ta da mai kai ki asibiti.

Bana so nake in fito da wanda ba su taɓa gani ba, kuma a nan aikinki ya shigo. Ki je majema ki samo min jar fatar akuya, mai laushi marar kauri, ta tafin hannu da ƙafa. Ki biya marinar Ƙofar Mata ki sayo yadin shuni mai duhu, a wanke shi har ya daina zuba, don rigar da zan yi masa. Hular ni zan ɗinka. 'Yar Holan ta ga hoton marinar ta ce ita ma a sayo mata yadi biyu, kuɗinta na wurina, kuma na faɗa mata ainihin farashi, saboda haka kada ki ɗora ladan ƙafa. Ki haɗo da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, ita daddawar a ƙulle ta cikin leda uku. Kilishi kam kada ki sa, kwastan ɗin Turai ba sa barin nama ya shigo, karnukan filin jirginsu kuwa ma'aikata ne, ba sa karɓar na goro.

Maganar kuɗin shara na bara tana nan, nisa ba ya kashe ta. Iya ta ce a gaida Goggo, tana tambaya ko ƙafar ta yi sauƙi, ta kuma saƙa mata safa mai kauri da zan ba mai zuwa. Ki tabbata ƙafar Goggo ta shiga, don na san lambar takalminku ɗaya.

Wassalam.

Taki,
Taubashiyarki