Yadda Uwargida Ta Ƙwace Min Allo

Ƙanina mai harkar kwamfuta ne ya jawo min. Ya tarar da ni a ƙofar gida, nan Ƙofar Na'isa, ina kukan na daɗe ina son Larabci amma har yau ban fita daga babin farko na nahawu ba. Ya ce, "Yaya, tsari ne ba ka da shi. Ajayil za ka yi."

Wai asalin Ajayil ɗin, a 2001 masu rubuta manhaja su 17 suka taru a Snowbird, jihar Utah ta Amurka, suka ce dogon shiri ɓata lokaci ne: a gutsuro aiki kaɗan, a gama, a duba, a gyara. Shi kuma kanban dabarar kati ce ta kamfanin Toyota tun zamanin Taiichi Ohno, 'yan manhaja suka mayar da ita allo mai gida uku: "Za a yi", "Ana yi", "An gama". Kullum da safe sai taron minti 15, a tsaye, don kada hira ta yi daɗi.

Na sayo kwali da 'yan takardu masu gam, na kafa a bangon tsakar gida. Na rubuta Larabci, koyon Excel, da rage tumbi, wato tattaki zuwa Ƙofar Ɗan Agundi bayan asuba.

Su mutanen Utah ba su san ƙurar hunturun Kano ba. Gam ya mutu, takardu suka zube. Akuya ta cinye "rage tumbi". Autanmu ya tsinci "Larabci" ya manna da yawu a gidan "An gama", har na ɗan ji daɗi.

Taro ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, sai na gayyato uwargida. Na karanto mata tambayoyin taron: me kika yi jiya, me za ki yi yau, me ya tare ki?

"Me ya tare ni? Malam, gas ya ƙare tun shekaranjiya."

Ana cikin haka ƙanin nawa, Allah Ya shirye shi, ya yi suɓutar baki cewa a tsarin akwai mai kaya, wanda shi kaɗai ke faɗin aikin da za a fara. Ta ce, "To ai ga ni."

Washegari na tarar an danne takardun da ƙusa. Gyaran famfo a sama, sai kuɗin Islamiyya, ɗinkin yara, gaisuwar surukai a Gwale. Larabci na can ƙasa, bayan maganin ɓera. Ta kuma riƙe dokar kanban ta taƙaita aiki gam-gam: ba a haɗa aiki fiye da biyu a gidan "Ana yi". Taron minti 15 kuwa yanzu sai shayina ya huce, ni a tsaye, ita a kan kujera.

Famfo ya gyaru, ba na musu. Matan layinmu suna ta sallama suna ɗaukar hoton allon da waya. A majalisa an daina matsa min wuri a benci, jiya kuma maƙwabcina ya aiko yaro, wai a tambaye ni unguwar da ƙanina yake kwana.