Ni da Juzu'i na Ɗaya

Ina da wata lalura wadda likita ba ya ganin ta. Da zarar an ce ga wani babban kundin tarihi za a buga juzu'i-juzu'i, mai so ya ba da kafin alƙalami, to hannuna kan riga hankalina isa aljihu. Takardar talla kawai nake gani, in ga an jera sarakuna da yaƙoƙi da taswirori, sai in ji kamar na riga na zama shehin malami. A kantata yanzu akwai juzu'i na ɗaya iri-iri, kowanne yana zaman jiran ƙannensa. Wani ma ko ledarsa ban yage ba. Uwargida ta ce wannan shi ne adashin da ake zubi kullum, kwasa ba ta taɓa zagayowa kanka.

Da na bi tarihin abin, sai na tarar irina ne jarin masu wannan sana'a tun fil azal. Maɗaba'a ba ta da kuɗin takarda da tawada da ladan marubuta na shekara ashirin, don haka sai ta sayar da alkawari, ta buga juzu'in farko da kuɗinmu, ta sa ran zubin gaba zai haifi na biyu. A 1750 wani marubuci mai suna Diderot ya fitar da tallar kundinsa a Faransa: juzu'i 10, a kan livre 280. Aka yi rububi, masu biya suka kai wajen 4,000. Aikin bai kammala ba sai 1772, juzu'i 28, kuɗin kuma ya tashi 980. A tsakani hukuma ta soke lasisin bugawa a 1759, sannan mai maɗaba'ar, Le Breton, don tsoron fushin manya, ya riƙa datse rubutun a ɓoye bayan Diderot ya gama dubawa. Wato an ninka wa mutum kuɗi fiye da sau uku, aka kuma miƙa masa kaya da giɓi.

Wani daga cikin masu biyan ya fusata ya maka masu maɗaba'ar a kotu. Ni kuwa na san kaina. Da ina Faris a lokacin, da na biya cikon, na yi godiya, har in tambaya ko akwai ƙari. Domin in juzu'i bakwai suka zauna a kanta, jerin haruffan da kundin ke bi ya tsaya a G, ba ni da zuciyar da zan ce na fasa. Ba karatun ne ke ja na ba, tsakani da Allah. Gurbin nan da ke gefen littafin ƙarshe shi ke hana ni barci.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kundin Ersch da Gruber na Jamus. An fara shi a 1818, ƙasar Girka kaɗai ta cinye juzu'i takwas, aka yi ta bugawa har juzu'i 167, sannan a 1889 aka ajiye shi ba a kai ƙarshen haruffa ba. Shekara 71 ke nan. Mai hankali in ya ji wannan sai ya ɗaure bakin aljihunsa. Ni da na ji, abin da na fara lissafawa shi ne katako nawa kafinta zai buƙata, da kuma wanne cikin 'ya'yana zan bar wa wasiyyar ci gaba da zubi.