Ranar da motata ta tsare surukina

Duk wanda ya sayi mota 'yar Kwatano ya san ba ita kaɗai ya saya ba, har da halin da ta taso da shi a Turai. Tawa ta ɓoye nata sai da damina ta kankama. Ina tafe a titin Zariya sai in ji ƙaras, ƙofofin sun kulle kansu. Kafin in kai gadar Lado, ƙaras, sun buɗe. Da tsakar dare ma ba ta fasa ba. Maigadi ya rantse mutanen ɓoye ne, uwargida ta turara ta da habbatus sauda, ni kuwa na canja wa rimot batir, na ce magana ta ƙare.

Sai wata Juma'a na ɗauko surukina daga masallaci. Dattijo ne wanda tunda na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Muna isa ƙofar gidansa na yi wuf na fito, don in zagaya in buɗe masa a ga ladabina. Makulli na jiki, inji na aiki. Ƙofata na rufuwa, ƙaras!

Baba a ciki, ni a waje.

Na durƙusa a gefen gilashi, gwiwar sabuwar shaddata cikin taɓo, na ce, "Baba, a ɗan ja wannan abin sama." Bai ji ba, rediyo na ta sanarwar ɗaurin aure. Na ƙara murya. Na sake ƙarawa. Kafin in ankara ina yi wa surukina tsawa a bainar jama'a, masu dawowa daga masallaci sun yi cirko-cirko suna salati. Da ya gane, ya ja maɓallin sama, mota ta mayar da shi ƙasa. Ya ja, ta mayar. Sai ya gyara zaman hularsa, ya ciro carbi, ya bar ni da ita.

Wani yaro mai tallar rake ne ya ce, "Alhaji, ya sauke gilashi mana." Mu manya wajen goma, babu wanda ya tuna.

Washegari na kai ta wurin mai wayarin. Bai ko kalli rimot ba, ya zame robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofar direba da jikin mota. Ga wayoyi nan, bawonsu ya tsage saboda shekarun buɗewa da rufewa, ruwan sama kuma ya shiga. Ya ce ƙofar direba ce ke ba sauran umarni, don haka da zarar wayoyin sun taɓa juna, ƙananan injinan da ke cikin ƙofofin sai su ɗauka an ce su kulle. Na riga na shirya kuɗin zuwa Ƙofar Ruwa sayen kaya, sai ga shi dalma da salatif sun gama aikin.

"Aljanun ke nan, Yallabai?" in ji shi, yana dariya.

Mota ta warke sarai. Baba dai har yau, in na ce zan kai shi masallaci, sai ya ce, "Allah ya yi albarka," ya tsayar da Adaidaita Sahu. Kai kuma mai 'yar Kwatano, in za ka fita yi wa suruki ladabi, zare makullinka tukuna.