Kaka Ya Ɓace Tsakanin Kwamfuta da Waya

Yanzu kowane babban gida yana da masanin tarihinsa, wato yaron da ya fara sayen kwamfuta. Shi ake damƙa wa salsalar dangi, daga jaririn da aka raɗa wa suna jiya har kakan da aka ce ya taso daga Gabas a kan raƙumi. Yaro zai zuba sunaye a manhajar asali, komai lafiya lau, sai ranar da masu ita suka fitar da ta Mac da ta waya. A nan ake yin ta.

Wai sabuwa ce, alhali tsohuwar ce aka ɗaura wa kaya a ka aka tura ta gidan da ba ta san kowa ba. Ka taɓa ta, ka je ka yi alwala ka dawo, tana nan tana juyi. Hotuna sun maƙale a tsohuwar kwamfuta, domin GEDCOM, fayil ɗin da ake kwashe dangi a ciki, wanda cocin Mormon na Utah ya ƙirƙiro a 1984, yawanci rubutu yake ɗauka da kwatancen inda hoto yake. Ɗanladi da Ƙasimu kuwa sun iso da alamar tambaya a maimakon harafin farko.

A tsarin fayil ɗin, iyali miji ɗaya ne da mata ɗaya. Alhaji mai mata huɗu sai an buɗe masa gida huɗu, ban da na waɗanda ya saka. Auren zumunci ya sa mutum ɗaya ya fito sau biyu, nan kawu, can suruki. Manhajar ta nemi sunan dangi, mu kuwa na uba muke sawa ko na gari, sai ga rabin gida sun wayi gari 'yan'uwan Malam Aminu Kano. Wannan kam ban ji wanda ya kai ƙara ba. Ta nemi ranar haihuwa, Inna ta ce shekarar fara, yaro ya rubuta 1 ga Janairu kamar yadda ya yi wa kowa.

Duk wannan dangi sun haƙura. Abin da ya tara su a zaure shi ne, tsohuwar manhaja ta haɗiye igiyar da aka ƙulla zuwa Bayajidda ba ta yi tari ba, sabuwar kuwa ta ja jan layi, wai uban ya rasu ɗaruruwan shekaru kafin a haifi ɗan.

"Kai yaro," in ji Baffa, "ita ce za ta gaya mana asalinmu?"

"A'a Baffa, lissafi kawai ta yi."

"To, mayar da mu waccan mai ladabin."

Aka mayar. A hanyar komawa kakan da ya sayar da goro a Kasuwar Kurmi, wanda shi kaɗai ke da hoto da takarda, ya faɗi daga fayil ɗin. Yaro ya sanar a taron dangi, Baffa ya ce a bari sai bayan Sallah.