Wa Ke Riƙe da Na Uku?

Mu a layinmu, in aka tambaye ka "me kake karantawa yanzu?" kada ka ɗauka ra'ayinka ake nema. Bincike ake yi, ana cigiyar littafi na uku. Domin mu masu karatun littattafan yaƙi da na aljanu, duk abin da muka mallaka a warwatse yake. Na ɗaya yana shagon tela, na biyu yana ƙarƙashin katifar wata amarya, na huɗu ya sha mai a teburin mai shayi, na uku kuwa tun azumin bara wani ya ce zai kawo bayan la'asar.

Laifin ba namu ne duka ba, marubutan ne suka saba mana. Littafin yaƙi na Kano siriri ne, ka karance shi kafin shayinka ya huce. Kana cikin jin daɗi, sadauki ya faɗa kogon matsafa, ƙofa ta rufe, aljani ya ɗaga gatari, sai marubuci ya ce a nemi littafi na gaba. Duk wanda ya bi Kundin Tsatsuba ko Mazan Jiya na Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya san wannan ciwon. Dabarar ma tsohuwa ce. Da ita matar nan ta Dare Dubu da Ɗaya ta tsirar da wuyanta, tana yanke labari daidai inda sarki ya miƙa kunne. Da ita kuma Aku ya riƙe Musa ɗan sarki a gida cikin Magana Jari Ce, har makircin Waziri ya watse. Bambancin kawai, su rai suke ceto, mu kuwa kuɗin kati ake ƙarar mana.

Majalisar tamu ta rabu gida-gida. Akwai dattawa, waɗanda a wurinsu an rufe ƙofar rubutu tun ranar da Abubakar Imam ya ajiye alƙalami. Baban layinmu ba ya karanta sabon abu. Duk shekara sai ya sake Ruwan Bagaja, ya yi ta dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ramuwar gayya a junansu, sai ka ce jiya aka buga shi ba 1934 ba. In ka miƙa masa na zamani sai ya juya bango, ya ce, "Yaro, wannan jarumin naka in ya gamu da Ganɗoki, ko takalminsa ba zai tsaya ɗauka ba."

Rigima mafi daɗi da muka taɓa yi a kan Iliya Ɗan Maiƙarfi ce. Wani ɗan jami'a ya dawo hutu da labarin cewa Iliyan da Ahmadu Ingawa ya rubuta asalinsa gwarzon tatsuniyar Rasha ne, birnin Kib shi ne Kiyeb, Sarki Waldima kuma Biladimiya. Gaskiya ya faɗa, amma bai zaɓi wurin faɗa ba. Baba ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce, "To, ai sai da ya zo hannunmu ya sami doki irin Kwalele. Can me yake hawa?" Ɗan jami'a ya buɗe baki zai yi bayani, yayansa ya taka masa ƙafa. Ni dai ina bayan Baba a nan. Labarin da yara suka haddace a makarantun firamare na Arewa shekara da shekaru, ya riga ya zama ɗan gida, ko daga ina kakansa ya taso.

Sai samari masu karatun Turanci a waya. Su ne suka shigo mana da Harry Potter, littattafai bakwai daga 1997 zuwa 2007, suka zauna suna bayyana wa mai shayi cewa makaranta ce ta kwana, ana koyar da tsafi aji-aji, har da jarrabawa. Mai shayi ya ajiye ludayi ya ce, "A'uzu billahi, kuma iyayen ne ke biyan kuɗin makarantar?" Nan fa ainihin bambancin ya fito. A littattafanmu, tsafi kayan abokin gaba ne. Boka na da madubin tsafi, yana da rundunar aljanu, ya shekara ɗari yana shiri, amma sadauki musulmi na yin addu'a sai komai ya tarwatse, a ƙarshe birni guda ya musulunta. Tun Ganɗoki na Bello Kagara haka abin yake, har aljanu ya kira zuwa ga addini. Shi ya sa uwa ke ganin ɗanta da littafi mai hoton dodo ta ƙyale shi, ta san inda za a ƙare. Samarin kuma nan suke kama mu. Suna cewa tun shafin farko kowa ya san wanda zai ci yaƙin, to ina daɗin? A nasu, wai, marubuci na iya kashe jarumin da ka fi so ana tsakiyar walimar biki. Tela ya ce wannan ba gwaninta ba ce, rashin imani ne.

Amma su ma ba su tsira ba. Mai littafin da aka yi fim ɗin Game of Thrones da shi, George Martin, ya fitar da na farko a 1996, na biyar a 2011, na shida kuwa masu karatu sun yi ta zuba ido shekara da shekaru. Wani kuma, Robert Jordan, ya rasu a 2007 bai kammala The Wheel of Time ba, sai Brandon Sanderson ya ƙarasa shi, aka tashi da littafi 14. Da tela ya ji haka sai tausayi ya kama shi, ya ce ashe mu a aljanna muke, namu marubucin ko ba komai za ka iya aika masa saƙo ta hannun mai sayar da littafi a kasuwa.

Matan layin ba sa zama majalisa, amma sun fi mu nisa. Su yanzu da kunne suke karatu. A saka wayar a kan taga, ana yankan alayyahu, wani yana karanto labari daga YouTube da murya mai amo, in an zo wurin aljani ya ƙara kauri. Daga nan labarin ke tsallaka katanga. "Maman Yara, kin kai inda aka sace gimbiya?" "Don Allah Yaya, yi shiru, jiya wuta ta ɗauke ban yi caji ba." Ba a yin shirun. A layinmu ba a taɓa yi ba. Muna da mutum guda wanda bai taɓa karanta shafi ba, sauraro kawai yake a bakin mutane, amma shi ke fara sanar da kowa wanda ya mutu.

Kuma kowannenmu marubuci ne da bai fara ba. Wanda ya karanta goma sai ya ce ai shi ma zai iya, me ke ciki banda sarki azzalumi, gimbiya, takobin gado da tafiyar kwana arba'in cikin daji? Mai shayi ya sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, ya ajiye a bayan gwangwanayen madara. Ya raɗa wa takobi suna, ya raɗa wa doki, ya tsara kirarin da sadauki zai yi kafin ya afka wa runduna, har yana gwada mana shi in ciniki ya lafa. Wurin gimbiya aikin ya tsaya. Matansa biyu, kuma kowacce ta aiko masa cewa tana jiran ta ji sunan da zai sa mata.