Kwaɗo Uku, Rubutu Ɗaya

Ranar Laraba na tura wa ƙanena saƙo ta waya: "In za ka dawo ka sayo min kwado." Ƙofar shagona ce ta lalace. Da magariba sai ga shi da leda, zogale ne an cakuɗa da ƙuli-ƙuli, har da tumatir da albasa. Na ce, "Kai, wannan zan rataya a ƙofa?" Ya ce, "Yaya, ka gode Allah ban tsaya bakin kududdufi ba."

Ban ga laifinsa sosai ba. A baki, na ci daban yake da na tsalle, murya ce ke raba su, amma boko ba ya rubuta murya. Na ƙofa da na ruwa kuwa ko a baki tagwaye ne. Ita kuma wayata ba ta san ɗ mai ƙugiya ba, ta mayar da kowa "kwado", wanda ba dabba ba ne, ba abinci ba.

Shi na ruwan ma gwanin ban mamaki ne. Ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa. In zai haɗiye ƙwaro sai ya runtse, idanunsa su nutse ciki su tura lomar. A Kamaru akwai wani ƙato mai wuce kilo 3, ya fi zakaran gidanmu nauyi.

Zogalen dai na cinye, don kwaɗayi ma da haruffa huɗun farko na kwaɗo ya fara. Shagon ya kwana da dutse a jingine.